KO DABBA TA SAN UBANGIJINTA?

Dattawan zango da samarinsa, wannan takarda ta fito ne daga hannun 'ya'yanku waɗanda neman abinci ya kai birnin Doha ta ƙasar Ƙatar. Mun saba aiko muku da labarin aiki da zafin rana da tsadar ɗaki. Yau kuwa wata gardama muka kawo gabanku, wadda ta tashi tsakaninmu ta ƙi kwanciya, har muka ga ya kamata a sa ta cikin takardar ƙungiya don kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ga yadda abin ya faro. Ran wata Jumma'a da la'asar sakaliya, da ya ke ranar ce ba mu da aiki, muka shiga Suƙ Waƙif, watau tsohuwar kasuwar Doha, muka bi ta layin masu sayar da shaho. To, ku sani shaho a nan ba abin jifa ba ne kamar a gida, inda in ya gilma sai mata su yi ta kuwwa saboda 'yan tsaki. A nan dukiya ne, har wani ya kan fi mota tsada. Yana da asibitinsa a gefen kasuwar, kuma a kan shiga jirgin sama da shi ya zauna kusa da mai shi. Muka tarad da su jere bisa 'yan turaku, kowane an rufe masa ido da wata 'yar hular fata da su ke kira burƙa, shiru kamar almajirai gaban malam.

Muna nan tsaye sai aka kira magariba. Wani shaho ya girgiza jiki, ya buɗe fukafukansa. Wani dattijo cikinmu, mutumin Sabon Zango na Ankara, ya ce, "Subhanallahi! Kun gani, ya ji kiran salla." Sai wani saurayi ɗan Nima, wanda ya yi karatun boko mai zurfi, ya ce, "Baba, a gafarce ni, ba kiran salla ya ji ba. Lokacin cin abincinsa ne ya yi." Dattijo ya dube shi, ya ce, "Yaro, yaushe ka shiga cikin tsuntsu har ka san abin da ke ransa?" Saurayi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ai Baba, kai ma ba ka shiga ba."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kashe maganar ba. Muka kwana uku muna juya ta a ɗaki. Kada wani ya ce wannan zancen marasa aikin yi ne, don mun lura akwai ciwo ƙarƙashinsa. Da yawa cikin samarinmu, da zarar an nuna musu dalilin abu a makaranta, sai su ɗauka an fid da hannun Allah daga cikinsa ke nan. Da yawa cikin dattawanmu kuma, da zarar yaro ya kawo dalili, sai su ɗauka addini ya zo rushewa. Ta haka uba da ɗa su kan daina zance, kowa yana ganin ɗayan ya ɓata.

Bari mu fara da abin da dattijo ya dogara a kai, don ba da ka ya yi magana ba. Cikin Suratun Nur, aya ta 41, an ambaci tsuntsaye suna shimfiɗa fukafukai, aka nuna kowane ya san sallarsa da tasbihinsa. Cikin Suratul Isra'i, aya ta 44, aka gaya mana babu wani abu da ba ya tasbihi, sai dai mu ne ba mu fahimta. Cikin Suratul An'am, aya ta 38, aka kira dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummai kamarmu. Ga ƙudan zuma da aka yi wa wahayin inda zai gina gida cikin Suratun Nahli. Ga tururuwa da ta gargaɗi 'yan'uwanta, ga kuma alhudahuda, malamin tsuntsaye, wanda ya komo wa Annabi Sulaimanu da labarin mutanen Saba'i yana mamakin yadda su ke sujada ga rana. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi a masallacin zango ya ji waɗannan.

Amma fa malaman tafsiri da kansu ba su taru a kan fassara guda ba, kuma wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba. Waɗansu, irin su Zamakhshari wanda ya rasu a 1144, sun karkata ga cewa tasbihin nan da harshen hali ne. Watau kamar yadda kyakkyawar riga ke shaidar gwanintar maɗinki ba tare da ta yi magana ba, haka ƙirar tsuntsu ke shaidar Mahaliccinsa. Waɗansu kuwa, irin su Ƙurɗubi wanda ya rasu a 1273, suka ce a'a, tasbihi ne na gaske. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, in da shaidar ƙira kaɗai a ke nufi, ai kowane mai hankali yana fahimtarta, me zai sa a ce ba mu fahimta? To, jama'a, in manyan nan sun saɓa kuma ba wanda ya kafirta ɗan'uwansa, ashe akwai fili a gare mu mu yi tunani ba tare da zagi ba.

Yanzu sai mu ba saurayi haƙƙinsa, don shi ma ba ƙarya ya yi ba. Mun tambayi masu kiwon shaho yadda a ke horar da shi, amsar kuwa ba ta da wani asiri. Da yunwa a ke kama zuciyarsa. A kan rufe masa ido don ya natsu, a riƙe shi a hannu dare da rana har ya saba da muryar mai shi, a hana shi ci sai daga hannun nan. Sa'an nan a ɗaura nama jikin wani dami na fukafukai, a riƙa kaɗa masa daga nesa ana kiransa, yau kusa, gobe da ɗan nisa. Larabawan daji na dā su kan kama shi da kaka sa'ad da ya ke ƙaura, su yi farautar hubara da shi, wata tsuntsuwa dangin tuje, duk tsawon sanyi, in bazara ta zo su sake shi. Shahon da ya ƙoshi ba ya komowa hannu. Saboda haka wanda ya ga tsuntsu ya motsa lokacin kiran salla ya ce lalle salla ya ji, ya yi gaggawa.

Har ila yau masu binciken halitta sun buɗe abubuwa da yawa da dā a ke gani kamar gaibu. Wani masani mutumin Ostiriya, Karl von Frisch, ya shekara da shekaru yana kallon ƙudan zuma, har ya gane cewa wanda ya samo fure ya kan komo amya ya yi wata irin rawa, rawar nan kuwa ita ke gaya wa sauran wajen da za su nufa bisa ga inda rana ta ke, da kuma nisan wurin. Aka ba shi kyautar Nobel a 1973. Tun kafin wannan, wani mai falsafa na Faransa, Dekart, wanda ya rasu a 1650, ya tafi har ga cewa dabba inji ce kurum, kamar agogo, ba tunani cikinta.

A nan ne muka tsaya muka tambayi ɗan'uwanmu saurayi, shin sanin yadda abu ke aiki ya amsa tambayar wanda ya shirya shi? Wanda ya buɗe bayan agogo ya ga ƙafafun da ke juyawa ya ƙaru da sani, amma bai kori maƙerin agogo ba. Alƙur'ani ma bai ɓoye zancen horo ba. Cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, inda aka halatta abin da dabbar farauta ta kamo, an nuna mutum ne ke koya mata, daga abin da Allah ya koya masa. Mai shaho ya koya masa komowa hannu. Amma wa ya koya masa naɗe fukafukai ya faɗo daga sama kamar kibiya? Wa ya gaya masa kaka ta yi, ya bar ƙasashen sanyi ya nufo kudu? Wa ke gaya wa shamuwa damina ta kusa, ta komo garuruwan Hausa ta yi sheƙa bisa itacen da ta bari? Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma akwai 'ya'yan da ba su taɓa ganin gudun uwarsu ba, su ma ba su yi rarrafe ba.

Ga misali daga ƙasar nan da mu ke zaune. Arewa da Doha, tafiyar wajen kilomita 90, akwai wani bakin teku da a ke kira Fuwairit. Kowace shekara daga watan Afrilu hukuma ta kan rufe wurin, saboda kififiyar teku, irin mai baki kamar na shaho, tana fitowa da dare ta haƙa rami cikin rairayi ta zuba ƙwai, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta kwanci, ba ta komowa duba su. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su kan fasa, su tono kansu waje cikin dare, kowane bai kai tafin hannun yaro ba. Ba uwa, ba malami, ba wanda ya taɓa nuna musu ruwa. Duk da haka sai su miƙe sak zuwa teku. Waɗanda suka rayu cikin matan kuma, bayan shekaru masu yawa suna yawo cikin ruwa, su kan komo yankin da aka haife su su yi nasu ƙwan. Masana sun ce hasken sararin teku ne ke jan jariran, don da dare wajen ruwa ya fi wajen tudu haske, manyan kuma suna gane hanya da maganaɗisun ƙasa. Mun yarda. Mu dai abin da muka gani shi ne halitta ta fito duniya da saninta a ƙulle cikin jikinta, ba ta roƙa ba, ba ta saya ba. Wannan shi ne abin da Annabi Musa ya nuna wa Fir'auna cikin Suratu Ɗaha, aya ta 50, sa'ad da ya siffanta Ubangiji da ba kowane abu halittarsa da kuma shiryar da shi.

To, shiriya ke nan. Amma shiriya ita ce sanin Allah? Nan ne gizo ke saƙa. Ga abin da hankalinmu ya kwanta a kai, in mun yi kuskure malamai su gyara. Sani iri biyu ne. Akwai sanin malami, wanda ya karanta sifofi ashirin, ya iya kawo hujja, ya iya kore shubuha. Akwai kuma sanin jinjiri ga uwarsa. Jinjiri bai san sunanta ba, bai san garinsu ba, ba ya iya siffanta ta ga kowa, amma cikin mata ɗari ya san ƙirjin da zai kwanta ya yi shiru. Ba mu da dalilin cewa dabba tana da sani irin na fari. Irin na biyu kuwa, nassi ya buɗe ƙofarsa, kuma babu wani ma'auni a ɗakin bincike da ya isa ya rufe ta.

Masu binciken ma sun baro maganar Dekart a baya. Wata Baturiyar Ingila, Jane Goodall, ta fara zama cikin manyan biran nan da a ke kira cimfanzi a 1960, a dajin Gombe ta Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau, ba Gombe ta Nijeriya ba. Ta ba da labarin yadda wani lokaci in sun iso inda ruwa ke zubowa daga kan dutse su kan yi ta rangaji da tsalle, sa'an nan su zauna su zuba wa ruwan ido. Ta yi tambaya ko wannan wani irin jin girman abu ne, mai kama da tushen ibada. Tambaya ta yi, ba ta yanke hukunci ba, kuma wannan shi ne ladabin mai ilmi. A 2012 waɗansu masanan ƙwaƙwalwa suka taru a Kambirij ta Ingila, suka sa hannu a takarda cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da kayan ji da farkawa irin waɗanda mutum ke da su. Iyakar inda awonsu ya kai ke nan. Ko mutumin da ke kusa da kai a sahu, kana ganin ruku'unsa, ba ka ganin zuciyarsa, balle tsuntsu.

Saboda haka muna roƙon samari su rage gaggawar cewa "ɗabi'a ce kurum", don sa wa abu suna ba shi ne gane asalinsa ba. Muna kuma roƙon iyayenmu dattawa, cikin ladabi, su rage dogara ga hotunan da a ke turowa ta waya, yau zaki ya yi ruri da sunan Allah, gobe an ga rubutu jikin kifi. Yaro mai wayo in ya gane guda ɗaya na ƙarya ne, sai ya haɗa da na gaskiya ya zubar. Ayar da ke cikin ƙwan kififiya ta fi waɗannan duka girma, kuma ba ta bukatar a yi mata ƙari.

Akwai sauran labarin Fuwairit da ba mu gaya muku ba, shi ne kuwa ya fi taɓa mu. Jaririn kififiya haske ya ke bi. In mutum ya kunna fitilar mota ko ta gida a bayan tudu, sai ya juya wa teku baya ya nufi fitila, ya yi ta tafiya cikin rairayi har ƙarfinsa ya ƙare, ko yanyawa ta tsince shi, ko rana ta fito ta gasa shi. Abin da aka ba shi don ya tsira, shi ne ya kai shi ga halaka, kuma ba laifinsa ba ne, laifin mai fitila ne. Don haka a ke hana fitilu da motoci a wurin lokacin ƙwai. Da muka ji wannan sai muka tuna hadisin da ya nuna kowane ɗa a kan fiɗira a ke haihuwarsa, iyaye ne ke juya shi. Mu da ke zaune cikin birnin da fitilunsa ba su mutuwa har asuba, mun san abin da mu ke faɗi. Mun ga yaran kirki da suka baro zango da alwala, hasken kuɗi ya ɗauke musu ido. Bambancinmu da kififiya guda ne. Ita ba a ɗora mata zaɓi ba, ba za a tambaye ta don me ta bi fitila ba. Mu an ba mu hankalin da za mu tsaya mu ce, anya wannan hasken na teku ne? Kuma za a tambaye mu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya sa gardamar nan ba ta fatar baki ba ce. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu duka, sai Allah ya yi masa faɗa a kan ya halaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Ku duba, ba a kawo zancen tasbihin dabba don a yi ta musu a zaure ba, an kawo shi ne don a kama hannun mutum. Abu Dawuda kuma ya ruwaito raƙumin wani mutumin Madina da ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zub da hawaye, Manzo ya shafa shi, ya kira mai shi ya ja masa kunne a kan yunwa da yawan aiki. Ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ga wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. A Basra, cikin ƙarni na 10, waɗansu masana da a ke kira Ikhwanus Safa har sun tsara labarin dabbobi sun kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu, suna tambayar da wace hujja ya mai da su bayi.

Ƙasashen nan na Larabawa sun ɗanɗana wannan a zahiri. Farin maririn hamada, wanda hotonsa ke jikin jiragen saman Ƙatar, dā yana yawo ko'ina cikin rairayin nan. Da mota da bindigar zamani suka zo, aka bi shi da harbi har a 1972 aka kashe na ƙarshe da ke daji, a ƙasar Oman. Abin da ya cece shi 'yan kaɗan ne da aka kama a 1962 aka kai gidan dabbobi na Finiks a Amurka, da waɗanda sarakunan Larabawa suka tsare a garkunansu. Sai a 1982 aka sake sakinsa cikin dajin Oman. Saura ƙiris al'umma guda ta yi shiru har abada, da hannun masu salla.

Kada mu tsaya nuna Larabawa da yatsa, mu duba gida. Ragon layya da a ke ɗaurewa cikin rana kwana uku ba inuwa ba ruwa fa? Kajin da a ke ratayawa kai ƙasa bayan babur tun daga kasuwa har gida fa? Karen da yara ke bi da duwatsu manya suna dariya, da jakin da a ke bugu a kan gyambo, da wuƙar da a ke wasawa gaban akuya tana kallo? Mutumin da ya rantse zakara mala'ika ya gani ya yi cara, sa'an nan ya kama zakaran nan ya karya masa fiffike don kada ya gudu, me imaninsa ya amfana wa zakara? An halatta mana yanka da hawa da farauta, ba mu ce a bari ba. Amma an umurce mu da kyautatawa har cikin yankan, a wasa wuƙa, a hutad da abin yanka. Wanda ya gaskata dabba tana tasbihi, nauyin ya fi yawa a kansa. Wanda kuma ya ce shi dai abin da aka auna ya sani, to, an auna an ga tana jin zafi, shi ma bai kuɓuta ba.

Dattijonmu da saurayinmu har yau kowa na kan bakansa game da shahon nan na Suƙ Waƙif. Amma mun ga abu guda. Akwai kyanwoyi da yawa marasa gida a unguwar da mu ke kwana, zafin bazara kuwa a nan ba a faɗa. Wata tsohuwar roba tana nan bakin ƙofarmu yanzu, wanda ya riga fita aiki cikinsu shi ke cika ta da ruwa.

Muna roƙon malaman zango, na Ankara da na Kumasi da sauran wurare, wanda ya ga gyara cikin abin da muka rubuta ya aiko wa ƙungiya, a buga mu ƙaru. Ku kuma samari, in Salla Babba ta zo, ku nema wa ragon gidanku inuwa kafin ku nema wa kanku ɗinki. Allah ya sa mu dace, ya kiyashe mu da haƙƙin marasa baki, amin.

Haza wasalamu. Daga 'ya'yanku na Doha.